Mai Bolar Babban Kanti

A unguwa Mai Bola ake ce masa, shi kuwa ya fi son a ce ma'aikacin kanti. Aikinsa a bayan babban kantin nan mai gilashi yake, inda ake fito da burodin da ya kwana da kajin da suka fara sauya launi. Da can yakan tura su bakin katanga matan unguwa su tsinta. Da tsada ta yi tsada, layin matan ya kai titi, manaja ya ce suna ɓata wa masu motoci rai. Sai ya miƙa masa jarkar kananzir: duk abin da za a zubar, a yayyafa masa tukuna.

Ya yayyafa kuwa. Yana da iyali, kuma a layinsu kaf shi kaɗai ya rage mai albashi. Cikin matan har da yayarsa, wadda ta goye shi, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu.

"Warin nan ba ya damunka?" ta tambaye shi ta saman katanga.

"Yaya, umarni ne."

"To, sannu da aiki."

Ranar da aka sake ƙara kuɗin mota gari ya rikice. Samari suka tare titi da tayoyi, aka fasa gilashin kantin, kafin la'asar ko cokali ba a bari ba. A rediyo wani mai ƙaton tumbi ya ce 'yan iska ne aka ɗauko haya daga nesa. Haya! Kamar yunwa sai an biya ta take fitowa.

Washegari manaja ya zaunar da shi gaban hoton da kyamarar kantin ta ɗauka, ɗan sanda na tsaye a kansa.

"'Yan unguwarku ne. Nuna mana su, ko ka ajiye rigarmu."

Ga ɗan tela nan, ga mai faci, ga ɗan maƙwabciyarsa, ga kuma Yaya da buhun shinkafa a ka, tana tafe a natse kamar daga kasuwa take. Bakinsa bai ƙi buɗuwa ba. Ya kira sunan mazan ɗaya bayan ɗaya, ya ce matar bai san ta ba. Aka dafa kafaɗarsa, aka ce ɗan halak ne. Tir da wannan yabo.

Da yamma ya biya gidanta, wai ya gaya mata ya rufa mata asiri. Labari ya riga shi. Tana tsugune tana zuba shinkafa a kwanuka, na gidajen da 'yan sanda suka kwashe wa 'ya'ya.

"Yaya, ni fa ban faɗi naki ba."

Ta rufe kwano, ta miƙe.

"An ce ka ce ba ka san ni ba," in ji ta. "Bar shi a haka. Matsa in wuce."