Mutumin da Ya Dawo Don Ya Taɓa Kogi

Har yau ban manta ranar da Malam, maigidana, ya dawo daga Kano da labarin wani fim ba. Lokacin ina amarya a Haɗejiya, ana fari, arzikin man fetur kuma yana jan samari birni. Mun gama shirin sayar da fadamar da na gada a Auyo mu bi su. Ni ce ma na fi ɗoki, don duk littafin da na karanta, Kano nake hangowa a ciki.

Matan aure ba sa zuwa sinima, sai dai a ba su labari. Ina tankaɗe yana ba ni.

"Fim ɗin banza ne, Uwani, ba waƙa ba rawa. Wai duniya ta ƙone, mutane suna zaune a rami kamar gafiya. Sai suka tura wani baya, zamanin kakanninsa."

"Da ya iso me ya yi, Malam?"

"Shirme! Kogi ya gani, ya durƙusa ya tsoma hannu, ya ƙi tashi. 'Yan kallo har ihu suke masa."

Na ajiye rariyar. Kogin bayan garinmu, wanda ko kallo bai ishe ni ba, irinsa wani ya ratso zamani don ya taɓa.

Yanzu jikokina suna mamakin yadda nake son finafinan nan masu duhu na ƙarshen duniya. Ku me kuke gani a cikinsu?

Ni dai washegarin ranar da na ji labarin nan na ce wa Malam fadamata ba ta sayarwa ba ce.