Hancin Baba Mai Lagireto

Kafin a buɗe ƙofar gareji da safe, Baba Mai Hanci ya riga ya iso. Yakan jingine tsohon kekensa a jikin katanga, ya share 'yar rumfarsa ta kwano, ya yayyafa ruwa, sannan ya fito da galan-galan na ruwan lagireto ya jera a kan katako: kore a nan, ja a can, shuɗi a ƙurya. Ko a wajen ajiya ba ya yarda su gogi juna. Daga nan sai ya zauna a benci, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo, ya jira motar da Allah zai kawo. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa ya dace a faɗi abin da aka gani a wurinsa tun yana da rai, yana ji da kunnensa.

Sana'arsa gyaran lagireto ce, wato ma'ajiyar ruwan nan da ke gaban inji tana sanyaya shi. Amma ba da sifana ya yi suna ba. Idan mota ta shigo, hannu yake goyawa a baya, ya zagaye ta a hankali, ya sunkuya gaban bonet ya ja numfashi, ya leƙa ciki, ya koma baya wajen salansa, bututun hayaƙi. Direbobi su yi ta dariya.

"Baba, mota ce fa, ba tukunyar miya ba!"

"Ai taka ta fi tukunya tafasa, ɗan nan. Tiyon ƙasa ya tsage. Buɗe ka gani."

A buɗe, a tarar haka ne.

Saboda hancin nan Baba bai taɓa shafa turare ba. Duk kwalbar da aka ba shi kyauta, 'ya'yansa ne suka shafe. In Dogo mai gyaran inji, maƙwabcinsa a gareji, ya kunna sigari, sai Baba ya ja bencinsa ya koma inda iska ba ta biyowa. Mai ɗakinsa takan ce ita kam ba ta da sirri a gidan nan, don ko girki ya fara kamu, daga bakin layi yake shigowa da labarin.

Ba ya rowar abin da ya sani. Duk direban da ya tsaya, yakan ce masa ruwan lagireto ƙamshin zaƙi gare shi, kamar sukari ya zuba a wuta. In ka ji shi a gaban mota bayan ka kashe inji, wani wuri yana yoyo a kan ƙarfe mai zafi. In a cikin mota ka ji shi, gilashi kuma yana yin gumi, to ƙaramin lagireton da ke ƙarƙashin dashbod ne ya huje, kuma abin da kake shaƙa ke nan kai da iyalinka. In ta salansa yake fita da farin hayaƙi, ka kashe mota ka nemi Dogo, gasket ya ƙone, wato faifan da ke raba mai da ruwa a kan inji. Wani yakan ce, "Baba, ai maganin daskarewa ne, ni ruwan famfo ya ishe ni." Sai ya ɗauko wani tsohon lagireto da tsatsa ta cinye, wanda ya ajiye musamman don masu irin wannan magana, ya ɗora masa a cinya. "Mai wannan ma haka ya ce. Ruwan nan hana tafasa yake, hana tsatsa yake."

Kai ne, Baba, ba ka taɓa yarda a zuba ragowar ruwan nan a robar lemo ba. Mun ga ranar da ka bi wani direba da ɗingishi har bakin titi ka karɓe robar, ka ce masa abu ne mai kala mai zaƙi, kuma guba ne, yaro ya gani a gida ba zai tambayi kowa ba. Direban ya yi fushi ranar. Yau shi ke gaya wa wasu.

Amma abin da ya fi zama a zukatan mutanen gareji shi ne na motar Malama.

Malama tsohuwar malamar firamare ce. Maigidanta ciwon ƙoda gare shi, duk Litinin da Alhamis sai an kai shi wankin ƙoda a wani asibiti mai nisa, tafiyar kusan awa biyu. Ita ke tuƙa shi a tsohuwar motarsu, ta kwantar masa da kujera ta sa matashi. Motar haya ba ta yiwuwa, don in an gama wankin ko zama ba ya iya yi. In ya tsallake rana ɗaya, jikinsa kumbura yake, numfashi ya gagara.

Wata Laraba da hantsi aka jawo motar da igiya. Ta yi zafi a hanya, allurar awon zafi ta hau ja. Malama ta fito tare da ƙanin mijinta, idonta ya faɗa. Da injin ya huce, Dogo ya buɗe murfin lagireto, sai ga wani abu mai kauri, ruwan ƙasa, kamar taɓo, ya manne a jikin murfin.

Dogo ya girgiza kai. "Mai ya haɗu da ruwa. Gasket ya tafi, Malama. Sai an sauke kan inji. Kafin a samo kaya a ɗaure, mako guda ne, in an yi sauri."

"Gobe Alhamis," in ji Malama.

Dogo ba mugu ba ne, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ya juya ya ƙwala kira. "Tsoho! Zo ka shinshina mana, a huta da gardama."

Duk gareji aka taru, don an san in Baba ya sa hanci magana ta ƙare. Ya karɓi murfin, ya kai shi hanci, ya ja numfashi. Ya sake ja. Babu abin da ya ji.

Abin da ba wanda ya sani a wurin, sai mai ɗakinsa a gida, shi ne tun wata mura mai tsanani da ya yi watanni uku baya, hancin ya tafi. Yana zagaya motoci kamar kullum, amma da ido da kunne yake aiki. Yanzu ga mutane sun zuba masa ido. Da ya ce "gasket ne," ba mai musu, sunansa na nan yadda yake. Da ya ce "ba gasket ba ne," nan ma za a yarda. Amma in ya yi kuskure, ko motar ta kwana bakwai a banza, ko ta mutu da mara lafiya a tsakiyar hanya. Ya dubi matashin da ke kan kujerar gaba, har yanzu da shatin kan mutum a jiki.

"Jama'a," ya ce, "hancin nan ya mutu. Wata uku ke nan ba na jin komai."

Har mai walda sai da ya kashe wutarsa.

Baba ya miƙa wa Malama murfin. "'Yata, ara mini naki. Kada ki taɓa da baki. Shinshina kaɗan, ki gaya mini."

"Baba, ni me na sani a mota?"

"Kin san warin baƙin mai a rigar maigidanki lokacin da yake da lafiya yana shiga ƙarƙashin motar?"

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Na sha wanke ta."

"To, shi kike ji?"

Ta kai hanci, ta rufe ido. "A'a. Zaƙi-zaƙi ne, da ɗan tsami, kamar abin da ya kwana ya lalace. Babu mai."

Baba bai tsaya nan ba. Ya zaro sandar awon mai ya goga a farin tsumma, man baƙi ne tsaf, bai yi fari-fari kamar an zuba madara ba. Ya ɗebi taɓon ya sa a kwanon ruwa, ya nutse, babu maiƙon da ya taso. Sannan ya juya ga ƙanin mijin, wanda tun ɗazu yake rakuɓe a bayan mota.

"Malam, wa ke duba mata ruwa?"

"Ni ne, Baba. Yaya ba shi da lafiya, ita kuma abin ya mata yawa. Duk safiya nake dubawa."

"Allah Ya yi maka albarka. Me kake ƙarawa?"

"Da ja ne a ciki. Da ya ragu na je shago, jan ya ƙare, mai shago ya ce duk ɗaya ne, kala ce kawai. Na sayi kore. Har na ce ya fi kama da mai sanyi."

"Sanyi a ido!" in ji Dogo. "Ka ɗauka lemo ne?"

Aka yi dariya, amma mutumin hawaye ne a idonsa. Baba ya dafa kafaɗarsa. "Ba kai ka fara ba. Wasu ruwan ba sa ga maciji da juna. Ka haɗa su, su dunƙule su toshe hanya, inji ya rasa abin sha. Kuma kada ka ce daga yau ja za ka riƙa saye, don ja ma iri-iri ne. Kala riga ce kawai. Malama, littafin motar nan yana nan?"

Yana nan a aljihun dashbod, shekara da shekaru ba wanda ya buɗe. Baba bai yi boko ba, bai kuma ɓoye ba. Malama ta sa tabarau ta nemo shafin, ta karanto irin ruwan da masu motar suka ce a zuba. Baba ya riƙa ɗauko galan ɗaya bayan ɗaya tana karanta bayansu, har ta ce, "Wannan ne, lambar ta yi daidai."

Sai aiki. Baba ya kwance lagireton, ya wanke shi ciki da bai. Ya ɗura tataccen ruwa a inji, a tayar, a zubar, a sake, har sau biyar kafin ya fito garau. Ya gano ɗan tiyon da ke yoyo, wanda tun farko shi ya sa ruwan ke raguwa, ya canza shi. Dogo ya bar motar da ke gabansa ya zo yana riƙe masa kaya, yana mita. "Wata uku, Tsoho! Wata uku ina ɓuya bayan gareji da sigarina a banza!" Kafin rana ta faɗi aka tayar da mota, murfi a buɗe, Baba ya zuba wa ruwan ido. Babu kumfa ko ɗaya. Allura ta hau tsakiya ta zauna.

Washegari Baba ya zo da wuri kamar kullum, amma bai iya zama a benci ba. Ya share rumfa sau biyu. Sai bayan la'asar motar ta shigo a hankali, maigidan Malama a kwance a gaba, a galabaice, amma ya ɗaga hannu. Baba ya sunkuya ta taga.

"'Yata, me kika ji a hanya?"

"Na yi ta shinshinawa zuwa da dawowa, Baba. Ban ji komai ba."

"Madalla. Haka ake so."

Kai ne, Baba, ka ajiye sunan da ka yi shekara talatin da takwas kana ginawa, a gaban kowa, don kada mara lafiya ya kwana a hanya. Mai hancin da ya ce ba ya ji. Sunan kuwa bai faɗi ba. Har yau Mai Hanci ake ce maka, kuma yanzu rabin garejin nan, har da Dogo, kafin su taɓa sifana sai sun sunkuya sun ja numfashi.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ƙafar nan sauƙi, Ya sa ka huta cikin jikokinka. Masu mota, ku buɗe littafin nan da ke kwance a dashbod, kada ku zaɓi ruwa da ido, kuma in kun ji ƙamshin zaƙi ku tsaya. Masu sana'a kuma, ranar da abin da aka san ku da shi ya gaza, ku faɗa, ku ari na wani. Malama na nan tana bin hanyarta duk Litinin da Alhamis. In ta biyo ta gaban gareji takan rage gudu, ta sauke gilashi, ta taɓa hancinta da yatsa, ta girgiza kai. Baba ya ɗaga mata hannu daga benci, ta wuce.