Rakiyar Yaya Habu

Ranar wata Lahadi ce a tsakiyar damina, cikin hutun da na gama aji huɗu a lekol, wato makarantar boko. Ruwan da aka kwana ana yi bai ɗauke ba sai bayan azahar, irin ruwan Douala da ke sauka kamar an kifar da kogin Wouri a kan rufin mutane. Ina tsaye a bakin filin ƙwallon da ke bayan layin dogo, farantin dafaffiyar gyaɗa a kaina, silifas ɗina ɗaya ya maƙale a taɓo ban ma kula ba. Idona yana kan yayana, Yaya Habu, mai tsaron gidan 'Yan Ɗorawa, ƙungiyar unguwarmu. Wasa ya zo ƙarshe babu wanda ya ci wani, kuma kowa ya san in aka tashi a haka mun tsira, in aka ci mu kuwa mun faɗo daga rukunin da muke ciki. Sai wani siririn yaro daga cikin baƙi ya buga wata ƙwallo marar ƙarfi, wadda ko ni zan iya tare ta da zanina. Yaya Habu ya durƙusa, ya buɗe hannu zai rungume ta. Ta faɗa cikin wani ɗan ruwa da ya kwanta a gabansa, ta sulɓe kamar sabulu, ta bi ta ƙarƙashin hammatarsa, ta gangara a hankali, a hankali, har ta kwanta cikin raga. Har yau in na rufe ido ina ganin gangarawarta.

Gidanmu gidan haya ne na katako da langa-langa a unguwar Hausawa ta New Bell, ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya a tsakiya, lambatu a ƙofa da ɗan katakon da muke takawa mu tsallake. Babanmu ya rasu tun ina goye, don haka mu uku ne a ɗaki, Inna da Yaya Habu da ni. Da safe in ɗebo ruwa, in share tsakar gida, in kai markaɗe, da yamma in ɗauki talla. In aka samu sarari, mu 'yan mata mu zauna carafke a gindin rijiya, samari kuma su naɗe tsummokara da ledoji su ɗaure da roba su yi ƙwallo, suna bugawa tsakanin lambatu da bangon masallaci, kowane yaro yana rantsuwa shi ne Habu. Ni kuwa ina jin su ina hura hanci, tun da su suna aron sunan ne, ni nawa ne na gida.

Inna ce mai wankin rigunan ƙungiya. Ran Litinin za a kawo su cikin buhu, ruwan ɗorawarsu ya ɓace cikin taɓo, mu wuni muna cuɗawa, ita tana gyara lambobin da suka fara ɓanɓarewa da allura. Da damina ba a samun rana a Douala, sai ta hura gawayi a kasko, ta kifa babban kwando a kai, ta shimfiɗa rigunan ɗaya bayan ɗaya, ta barbaɗa turaren wuta don kada su yi warin ɗanyi. Shi ya sa 'yan wasanmu suke shiga fili suna ƙamshi, har abokan hamayya suna yi musu tsiya wai ɗakin amarya ya fito buga ƙwallo. Rigar Yaya Habu baƙa ce mai dogon hannu, ni nake naɗe ta da kaina. A lokacin na fara satar karanta littattafan soyayyar da fataken goro suke kawo wa matan gidanmu daga Kano, kuma duk jarumin da na karanta, fuskar yayana nake sa masa. Har matar da zai aura na zaɓa masa a raina, wata doguwa mai wushirya da ke sayar da lemo a bakin tasha, ita ba ta sani ba, shi ma bai sani ba.

Unguwarmu tana da wata al'ada da ban taɓa jin irinta a wani wuri ba, muna ce mata rakiya. In ƙungiya ta ci wasa, kowa ya yi ta kansa, masu kiɗa su yi gaba, yara su bi su da ihu, 'yan wasa su iso gida duk ta inda suka ga dama. In aka ci mu ne ake rakiya. Babu wanda zai bar fili. Za a tsaya har 'yan wasa su cire takalma su rataya a wuya, su kama hanya a ƙafa, jama'a kuma su bi su a baya, babu kiɗa, babu zagi, babu wanda zai sha gabansu, har ƙofar gidanmu, inda Inna take jiransu da bokitin kunu. Baba Ɗanlami mai soya, tsohon da yake gasa nama a bakin fili tun kafin a haife ni, shi ne mai tsare wannan al'ada. Na sha jin sa yana cewa, "Ranar murna ba a rasa abokin tafiya. Ran da aka ci yaranmu, ran nan ne suke bukatar jin takunmu a bayansu." Inna ba ta taɓa zuwa kallon wasa ba, amma ba ta bukatar mai ba ta labari. In ta jiyo ganga daga nesa sai ta yi murmushi ta ci gaba da tsintar shinkafa. In ta jiyo takun mutane da yawa babu magana, sai ta ce da matan gida, "A ƙara ruwa a tukunya, yau da rakiya."

A shekarar nan abubuwa suka fara canzawa. Wani ya kafa babban farantin kamo tashoshin talabijin a kan rufin shagonsa, ya jera benci, ya fara nuna wasannin Turai, samari suka koma can suna musu a kan garuruwan da ba su san inda suke ba. Ƙungiyarmu kuma aljihunta ya huje. Ƙwallayen horo duk faci ne, wasu 'yan wasan sukan wuni suna dako a kasuwa kafin su zo fili. Ana cikin haka sai wani attajiri mai harkar katako ya fara zagayen ƙungiyar yana so ya saya, dattawan unguwa suka ƙi. Sai kuma ga wani mai sharhin wasanni a rediyo, mai zaƙin baki da Faransanci, wanda duk teburin mai shayi ake kunna shi. Ana saura 'yan kwanaki wasan ƙarshe ya ce wai attajirin ya fi son ƙungiyar ta faɗi don ya same ta da arha, wai kuma an ga mai tsaron gidanmu a cikin motarsa a Ndokoti. An gan shi ɗin kuwa. Ruwa ne ya tare shi a mahaɗar titunan wurin yana ɗauke da buhun gawayin Inna, mutumin ya tsaya ya rage masa hanya. Ni na tarye shi a ƙofa ranar, na ga gawayin ya yi baƙi a kafaɗarsa, na ji yana ba Inna labarin sanyin cikin motar yana dariya. Amma wa zai tambayi 'yar talla?

To, da ƙwallon nan ta kwanta a raga, alƙalin wasa bai daɗe ba ya hura tashi. Fili ya yi tsit, sai muryar mai sharhin nan da ke fita daga ƙananan rediyoyin da mutane suka manna a kunne, yana ta nanata kalma ɗaya da Faransanci, cewa an saye shi, an saye shi. Wani ya maimaita da Hausa, wani ya ɗauka da Fulatanci, kafin ka ce me, maganar ta zagaye fili. Ban ga an yi jifa ba, kuma da an yi jifan da ya fi mini sauƙi. Juya baya kawai aka yi. Mutanen da na sani tun ina rarrafe, masu sayen gyaɗata, masu shan kunun Inna, suka kama hanya ƙungiya ƙungiya, suka sha gaban 'yan wasa, abin da ba a taɓa yi ba. 'Yan wasan ma suka cusa kansu cikin tasi biyu suka tafi, babu wanda ya waiwayi mai baƙar riga. Yaya Habu yana zaune a bakin raga, taɓo har gira. Baba Ɗanlami ya kashe wutarsa, ya kife tire, ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Tashi, ɗana. Rataya takalmanka." Yaya ya ce, "Baba, ku tafi kawai." Tsohon ya ce, "Ni ban iya shan gaba ba, tsufa ya hana ni koyon sabon abu."

Haka muka kama hanya, shi a gaba, takalma a wuya, ni da Baba Ɗanlami a baya, ƙafata ɗaya babu silifas. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo ba sai ranar. Mun bi ta gaban masu gasa ayaba da masara, ta gaban shagon mai faranti, inda samari suka leƙo suka koma, ta gaban teburin mai shayi, inda aka rage muryar rediyo aka bi mu da ido. Ina kallon bayan yayana, lambar da Inna ta ɗinke da hannunta ta jiƙe ta manne masa, ina ta addu'a a zuci Allah ya sa kada ya waiwayo ya ga mu biyu ne kawai. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri ne wani yake fitowa a kan doki ko cikin farar mota. Na duba titi har ƙarshensa, babu kowa sai kaji da ruwan lambatu.

Muna tsallake layin dogo sai na hango ta. Inna ce, da mayafinta na zuwa biki, bokitin kunu a ka, tana tafe tana tsallake taɓo. Daga baya ta gaya mini ta kasa kunne ba ta ji ganga ba, ba ta kuma ji taku ba, sai mutane suna wucewa ɗai-ɗai kowa yana sunkuyar da kai a ƙofarmu, shi ne ta gane. Bayanta matan gidanmu ne, da Mami mai makala, maƙwabciyarmu Kirista da ke soya fanke a bakin lungu, ko hannunta ba ta wanke ba. Yaya Habu ya tsaya cak. Na ɗauka Inna za ta rungume shi ko ta yi kuka. Ko kallon fuskarsa ba ta yi ba. Ta ratsa ta gefensa, ta zagayo, ta tsaya a bayansa kusa da ni, matan suka jeru a bayanta. Ta ce, "Mu je, Habu. Kunu yana hucewa."

Muka ratsa unguwa a haka, mai tsaron gida ɗaya da rakiyar mata. Da muka iso wajen mahauta, wani dattijo ya ajiye wuƙarsa ya bi bayanmu. Tela ya tashi daga kan kekensa. Mai shayi ya bar wa yaronsa tebur. Ba duka suka zo ba, ba zan ƙara wa labarin gishiri ba, da yawa sun tsaya a ƙofofinsu hannu a ƙirji. Amma kafin mu kai gida na ji sautin nan da Inna take ganewa daga nesa, takun mutane da yawa babu magana, na kuma ga kafaɗun yayana da suka ranƙwafa sun ɗan miƙe. A ƙofar gida ya karɓi kofi ya sha, aka yi kiran magariba, kowa ya watse.

Ita ce rakiya ta ƙarshe da aka yi a unguwarmu. Kafin wata damina attajirin ya saye ƙungiyar, ya kai ta can unguwar Logbaba, ya canza mata suna da launi, rigunanta kuma inji yake wankewa. Mai sharhin bai taɓa janye maganarsa ba, ya dai samu wani ya koma kansa. Yaya Habu bai sake tsayawa a raga ba. Yau yana sayar da kayan babur a Ndokoti, furfura ta cika masa gemu, bai auri mai wushiryar ba, kuma in ana wasa a talabijin sai ya tashi ya ce zai duba shago. Baƙar rigar tana cikin akwatin da Inna ta bar mini.

Yanzu 'ya'yana maza suna da ƙungiyoyinsu a ƙasashen da ba su taɓa takawa ba. Sun san kuɗin da aka sayi kowane ɗan wasa, suna kwana da waya a hannu suna jin masu sharhi suna yanka mutane kamar kaji. In aka ci nasu sai su yi tsaki, su zagi mai tsaron gida da uwarsa, su kashe talabijin, wani ma ya ce daga yau ya canza ƙungiya. Ni kuwa daga kicin nakan leƙo kafin hoton ya ɗauke, in ga wani yaro ɗan mutane zaune a bakin raga, kansa a ƙasa, filin yana ta zama fayau a bayansa. Sai in ji ƙamshin gawayi da turaren wuta, in tsaya da ludayi a hannu ina kasa kunne, ko zan jiyo taku. Ban san ko akwai mai raka shi gida ba.