Kwalekwalen da Babu Shi a Littafi

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa, wata dattijuwa na zaune kusa da ni. Gilashinta ya zamo har bakin hanci, tana latsa waya da yatsa ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Daga hirarta da 'yarta na gane tana cikin masu rubuta kundin sanin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa.

Wasu mutum biyu ke ta goge wa juna rubutu a kan busasshen kogin garinsu. Ɗaya ya ce da can kwalekwale na ratsa shi, ɗayan ya ce a kawo hujja. Ita ke raba gardamar.

"Haba Mama, ke fa kin shiga kwalekwalen nan," in ji 'yar. "In kika cire, shi ke nan an manta."

"Na shiga mana. To wa ya buga ni a littafi?"

Ina jin tsohuwar malamar makaranta ce, irin wadda ko ɗanta ba ta ƙara wa maki. Ta cire jimlar kwalekwalen, ta mayar da ita shafin tattaunawar marubuta, ta rubuta cewa a jira hujja.

Sai ta kife wayar a cinya, ta lumshe ido. Hannunta ya sauka gefen benci, yatsu a buɗe, yana shafar ruwan da yanzun nan ta goge.