Ranar da Mai Takalmi Ta Miƙe

Shagon Mai Takalmi shi ne na ƙarshe a layin kafin ka hau gada. Daga ƙofarsa kana hango shagunan garin ƙetare, har launin fentin ƙofofinsu, kuma ko mace mai goyo ba ta gajiya kafin ta isa can. Ka riƙe wannan a ranka, don daga nan duk rigimar ta taso.

Takalman yara take sayarwa, yawanci na makaranta, baƙaƙe masu igiya. Ba ta yarda uwa ta zo mata da zare ta ce ga tsawon ƙafar yaro. Sai an kawo yaron da kansa, ta zaunar da shi a ɗan benci, ta saka masa, ta danna babban yatsanta a kan hancin takalmin ta ji inda yatsunsa suka tsaya. In ya matse sai ta cire, ko da uwar tana rantsuwa cewa zai saki. Rabin garin nan ta danna wa ƙafa haka, har da waɗanda yau furfura ta fara leƙo musu a gemu, kuma har gobe in sun gan ta sai sun kalli takalmansu.

Mijinta ne ya buɗe shagon, kuma yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin hidimar gari, wanda ke zama duk Laraba da tsakar rana a saman benen wani otal. Dokar kulob ɗin ita ce kowace sana'a kujera ɗaya: lauya ɗaya, mai biredi ɗaya, likitan haƙori ɗaya. Shi ya sa ba a kiran kowa da sunansa a ciki, sai da sana'arsa. Da mijin ya rasu ana ta laluben wanda za a ba kujerar takalmi, sai ga ta wata Laraba ta hau benen da bajonsa na kulob maƙale a ƙirjinta, ta ja kujerar ta zauna. Wani ya yi tari ya ce ai ba a taɓa samun mace ba. Ta ce to yau an samu, a miƙo mata shayi.

Kada wani ya gaya maka ba ta son kulob ɗin nan. Ta so shi fiye da yawancin masu yi masa jawabi. Da ita aka yi wa makarantar firamare fenti, ta koma gida hannu duk shuɗi. Ita ta matsa sai da aka sa bencina a farfajiyar asibiti, don ta gaji da ganin masu jinya a zaune a ƙasa. Laraba ce kaɗai ranar da take rufe shago da rana, ta sa kayanta masu kyau, ta fesa turare. 'Ya'yanta sun yi aure sun watsu, gida ya yi mata faɗi, saboda haka zaman Laraban nan shi ne hirarta, shi ne faɗanta, shi ne dariyarta ta mako.

To wata shekara ta faɗo daga tsani tana ɗauko kwali a saman kanta, gwiwar hagu ta tafi ba ta dawo daidai ba. Tun daga nan zama wahala, tashi kuwa azaba. Ta kawo matashin zama mai laushi daga gida ta ɗora a kujerarta ta kulob, ya zauna can dindindin, har masu sharar otal sun san ba a taɓa shi. A kulob ɗin kuma ba a ɗaga hannu wajen ƙuri'a, miƙewa ake yi. Shugaba ya buga ƙararrawa ya ce wanda ya yarda ya miƙe, kowa ya miƙe. Ganin yadda take cije leɓe, sai aka yi mata rangwame: ta zauna abinta, Sakatare ya ƙirga da ita. Haka aka yi shekara da shekaru ana tafiya. Ba ta taɓa damuwa ba, don abin da ake miƙewa a kai bai wuce sayen kekunan guragu da ranar ba da jini ba, kuma wa zai ƙi waɗannan? Saboda haka ma har aka manta da rabin tambayar, babu shugaban da ke tuna ya ce wanda bai yarda ba fa.

A shekarar da muke magana, shugabancin ya zagayo kan Mai Kemis, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi, ita ta saya masa takalmin makarantarsa na farko, kuma ko a gaban lauya Auta take kiransa. Duk Laraba shi ke tsayawa da motarsa a ƙofar shago ya danna hon, ya kai ta, ya riƙe mata hannu su hau benen a hankali, ya sauko da ita in an tashi.

Sai majalisar gari ta zo da maganar harajin ciniki. Duk abin da aka saya a shago a cikin garin, za a ɗora wani abu a kan kuɗinsa, a tara a gyara magudanan ruwa da fitilun titi. Majalisar tana son kulob ɗin ya fito ya ce ya goyi baya, don mutane suna jin maganarsa. Nan fa Laraba ta daina zama ranar dariya. Aka yi makonni ana fafatawa, shinkafa tana hucewa a faranti.

Lauya ya yi dogon bayani a kan garuruwan da suka ci gaba. Mai Gidan Mai ya ce shi ya gaji da ganin motoci na nutsewa a gaban famfonsa duk damina. Likitan Haƙori ya ce abu ne ɗan kaɗan, mai saye ko ji ba zai yi ba. Mai Takalmi ta ce masa shi da yake yi wa mutane allurar kashe zafi, dole ya ɗauka kowa ba ya ji. Ta ce matar da ta zo da yara huɗu a farkon zangon karatu tana jin komai, har sautin faɗuwar ƙwandala, kuma ba za ta yi faɗa da kowa ba, za ta ja yaranta ne kawai ta haye gada, inda babu harajin. Ta ce su duba teburin nan da kyau: magani an cire shi daga harajin, biredi an cire, lauya da likita kuwa baki da hannu suke sayarwa, ba kaya ba. Ta ce abu ne mai daɗi mutum ya yi kyauta da fatar bayan wani.

Maganar ta yi wa Auta zafi, kuma gaskiya shi ma yana da tasa. Ya tuna mata damina ta bara, da ruwa ya cika shagonta har gwiwa, shi da kansa ya naɗe wando yana tsamo mata takalma suna yawo kamar agwagi. Ya ce shagonta ne a gangare, ita ce ta farko da za ta amfana. Ta ce ta gode da tsamowa, amma ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara ya tafi, gada kuwa tana nan kullum.

Akwai wata doka da kowa ya sani, mijinta ma na cikin waɗanda suka rubuta ta. Kulob ɗin ba ya fita waje da baki biyu. In za a yi magana da sunansa a gaban gari, dole a ce kowa ya yarda, wanda kuma ya kafe bayan an rinjaye shi, to ya ajiye bajonsa ya bar kujera. Ba a taɓa amfani da ita ba. Ana gobe ƙuri'a Auta ya zo shago da yamma, ya zauna a bencin yara gwiwoyinsa har ƙirji, ya yi ta lallashi. Ya ce ba ya roƙon ta ta yarda, ba ya roƙon ta ta ce komai. Ta zauna kawai yadda ta saba, shi ke nan, kujerarta tana nan, mutuncinta yana nan. Ba ta amsa ba, ta ci gaba da zura igiya a wani takalmi. Shi ya ɗauka shirun nan amincewa ne, ya tafi da murna.

Ranar Laraba ya zo ya ɗauke ta kamar kullum. Aka ci abinci, aka ci tarar Mai Biredi don ya makara, aka yi 'yar dariyar dole. Auta ya buga ƙararrawa ya ce wanda ya yarda kulob ya goyi bayan harajin ya miƙe. Kujeru suka yi ƙara, kowa ya miƙe. Sakatare, wani mai injin ɗab'i da ba ya son tashin hankali, ya bi su da bakin biro yana ƙirgawa, ya zo kanta ya ɗan rusuna, ya ƙirga da ita, ya ce baki ɗaya. Aka zazzauna, Auta ya ɗaga hannu zai sake buga ƙararrawa.

"Auta, ba ka gama tambayar ba," in ji ta.

Auta ya ce, "Yaya, don Allah."

"Ka ce wanda bai yarda ba ya miƙe. Ai haka aka rubuta."

Ya kalli Lauya, Lauya ya kalli farantinsa. Babu yadda ya iya, ya faɗa, da muryar da da ƙyar ta wuce teburin.

Ta dafa teburin da hannu biyu. Ta jawo ƙafar dama ƙarƙashinta, ta yunƙura, gwiwar hagu ta ƙi, ta koma ta zauna daɓas, kofuna suka girgiza. Wani ya ce a bar shi haka, an gane. Ko kallonsa ba ta yi ba. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, haushi kuma ya cika ta, ba na harajin kaɗai ba, har da na kanta: ashe duk shekarun nan ana ƙirga ta kamar yadda ake ƙirga kujera, ita kuma tana ganin gata aka yi mata. Auta ya zagayo da sauri ya kama mata hannu yadda ya saba.

"Cika ni," ta ce. "In ka ɗaga ni, gobe sai a ce ba ni na tashi ba."

Ya cika ta. Ta sake dafawa, ta cije leɓe, ta ɗago a hankali, teburin yana kuka a ƙarƙashin hannunta, har ta miƙe tsaye. Kowa a zaune, ita kaɗai a tsaye, abin da wasu daga cikin sababbin mambobin ba su taɓa gani ba a ɗakin nan. Ta ce wa Sakatare ya goge wancan, ya rubuta cewa Mai Takalmi ba ta yarda ba, kuma ya rubuta da kyau yadda za a iya karantawa. Ya goge, ya rubuta.

Mai Gidan Mai ya fara cewa ai doka mutane suka yi ta, ana iya ɗaga ƙafa. Ta ce ɗaga ƙafar da aka yi mata a baya ma ya isa. Ta cire bajon, allurarsa ta ɗan maƙale a zare kamar ba ya son tafiya, ta fizge shi ta ajiye kusa da ƙararrawa. Zuciyarta ta karye a lokacin, wannan ba a ɓoye yake ba, don bajon mijinta ne, kuma fentinsa a ƙirjinta ya koɗe. Amma ba ta bari ko ɗigon hawaye ya fito a gabansu ba. Ta ɗauki matashinta ta saƙale a hamata. Benen nan ita kaɗai ta sauko shi, tana riƙe da ƙarfen gefe, mataki ɗaya ta huta, Auta yana biye da ita a baya hannunsa a miƙe bai isa ya taɓa ta ba. Da ta fita, kulob ɗin ya sake ƙuri'a, aka samu baki ɗaya na gaskiya.

Laraba ta zagayo. Da rana ta take, ta tsinci hannunta a kan kwaɗon shago, sai ta tuna, ta mayar da shi kan ƙusa. Wata mata ta shigo da 'yarta, Mai Takalmi ta zaunar da yarinyar a benci, ita kuma ta ja kujera ta zauna a kan matashin nan, wanda yanzu ya dawo shago. Tana cikin ɗaure igiya sai ta ji hon a ƙofa, irin wanda ta sani. Auta ne, sabo ne ya kawo shi. Ya sauke gilas yana kallon ta, idonsa ya yi ja kamar ranar da ta fara kai shi makaranta ta juyo ta bar shi.

"Je ka," ta ce. "Za ka makara a ci ka tara, kana shugaba."

Ya daɗe bai ja motar ba. Ba ta sake ɗaga kai ba har sai da ta ji ƙarar ta yi nisa. Sannan ta danna yatsanta a kan hancin takalmin yarinyar, ta ce ya matse, bari ta ɗauko na gaba da shi.