Turmin Yaya Habu

Shekara tara ke nan da aka kai Yaya Habu makwancinsa a Riruwai, amma har gobe in na ji ana daka a maƙwabta sai gabana ya faɗi. Yayana ne, ciki ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu.

Haƙar kuza ce sana'arsa. Yakan kwaso duwatsu daga rami ya kawo gida, ya daka su a wani turmin ƙarfe, ƙura ta yi masa fari fat har gira. Allah ya rufa masa asiri, abu ɗaya ne ya gagara: haihuwa. Ya daɗe da auren Talatu, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Dangi kuwa, kun san halinmu, baki ba linzami. Gwaggo ta ce juya ce, a sallame ta.

Sai ya kai kansa asibiti a Kano. Likita ya ce gubar dalma ce daga ƙurar duwatsun nan ta taru a jininsa, ta raunana masa iri. Da ya dawo ya tara mu a tsakar gida ya ce, "Gwaggo, ku sarara wa baiwar Allah nan. Matsalar daga gare ni take." Wallahi ban taɓa ganin namijin da ya faɗi haka a gaban dangi ba.

Ya bar rami, ya koma neman magani. Zogale, tafarnuwa, habbatussauda, duk wanda aka ambata sai ya nemo. To, turmin icce ba ya yi masa laushi yadda yake so, sai ya ɗauraye na ƙarfen ya riƙa daka a ciki. Kullum da safe ya dama ya sha da bisimilla, yana ce wa Talatu ta ƙara haƙuri. Sai da ƙodarsa ta tsaya likita ya tambayi inda ake daka maganin. Talatu ta faɗa, likita ya yi salati. Ashe cutar da maganin a cokali ɗaya yake shan su! An je neman ƙiba an samo rama.

Yanzu ina ji a rediyo wai masana na gwada ruwan irin waɗannan ganyaye a kan ɓeraye, ko za su gyara ɓarnar dalma. Madalla, Allah ya sa a dace. A Kwanar Dangora kuma masu tallar maganin gargajiya da lasifika na ta rantsuwa nasu ya gama aiki. Da Yaya na nan, na san murmushi zai yi ya ce a fara fitar da duwatsun daga tsakar gida. Har yau ana dakan su inda yara ke rarrafe, kuma abin na ƙona mini rai.

Bai bar ɗa ba, wannan ciwon ba ya warkewa. Amma ya wanke Talatu tun yana da rai. Bayan ta fita takaba ta yi aure a Kiru, ta haifi namiji, mijinta, mutumin kirki, ya sa masa Habu. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba don kunya, ga shi kuma na ɗan fari ma ba ya faɗuwa a bakinta. In na je, ni nake ƙwala wa yaron kira da ƙarfi, ita kuma ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Allah ya jiƙan ka, Yaya.