Hassumi da Tibrar da Ba Ta da Hatimi

Duk Bahaushen da ya haifi 'ya mace a Ainu Shams, unguwarmu a Alƙahira, cikin shekarun nan ya san Hassumi. In bai san fuskarta ba, ya san ɗinkinta. Ni maƙwabciyarta ce, ƙofata na kallon tata a bene ɗaya, kuma na rubuta wannan ne don na gaji da jin ana ƙus-ƙus da sunanta a bakin tashar jirgin metro. Wadda ta ji haushi ta same ni. Ba ɓoyayya ba ce ni, duk ɗalibin da ya taɓa sayen dambu a Madinat Nasr ya san Ummukulthum.

Hassumi 'yar Damagaram ce. Mijinta Ɗantsoho ne ya kawo ta Alƙahira lokacin yana karatun fiƙihu, suka kama wani ɗaki a Darrasa, saman kantin littattafai, inda in ka miƙa ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Ta zo da keken ɗinki na hannu, shi ne ya riƙe su duk lokacin da kuɗin tallafin karatu ya makara. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Nana Khadija. Yarinyar ba ta kai shekara goma ba zazzaɓi ya ɗauke ta, aka binne ta a nan. Da Ɗantsoho ya gama karatu ya ce a koma gida, Hassumi ta ce ita ba ta barin Nana ita kaɗai a garin mutane. Ya lallasa, ya yi faɗa, ya turo malamai. Daga ƙarshe suka rabu ba da rigima ba, ya tafi, ita kuma ta ɗauko kekenta ta dawo Ainu Shams don haya ta fi sauƙi.

Yanzu maganar Tibra. Akwai wani kamfanin kayan wasan yara a nan Masar, ba zan faɗi sunansa ba don kada in yi musu talla. Suna yin 'yan tsana na 'yan matan tarihi: akwai ta zamanin Fir'auna, akwai ta Iskandariyya, duk farare da gashi har gadon baya. Sai guda ɗaya baƙa, mai kitso, da 'yar gora a hannu. Suka sa mata suna Tibra, suka ce yarinya ce daga ƙasashenmu da ta biyo ayarin mahajjata ta ratso Alƙahira tun zamanin raƙuma. Wadda ba ta taɓa kai 'yarta makaranta a garin nan ta dawo tana tambaya me ya sa ake ce mata shokolata, wato cakulan, ba, ba za ta gane abin da Tibra take ba a wurinmu. Ita kaɗai ce abin da yaranmu suke gani a bayan gilashin kanti su ce ga ni.

Nana Khadija na da tata. Wata Sallah Hassumi ta ɗinka wa Nana atamfa, ƙyalle ya rage, ta yi wa Tibra riga da zane da ɗankwali iri ɗaya. Aka gan su a filin Idi, shi ke nan. Daga nan ya zama al'ada: in azumi ya kama, kowace uwa ta kai wa Hassumi yadin Sallar 'yarta, ta haɗa da Tibrar yarinyar. Hassumi ta tuɓe su, ta wanke, ta gyara musu kitso, ta jera su a kan katako, kowace da ƙyallen yadin gidansu ɗaure a ƙafa. Ranar jajiberi a zo a karɓa, yarinya da 'yar tsanarta sun yi anko. Ɗinkin yarinya ake biya, na Tibra kyauta ne. Ta Nana kuwa tana can saman kabad ba a taɓa ta. Lalle ne a tafin hannunta na hagu, na gaske, wanda Nana ta shafa mata ya kama robar. Na dama babu, don an kira yarinyar cin abinci ba ta koma kai ba.

A tsakiyar azumin bara kamfanin ya sa sanarwa a shafinsa wai "Tibra ta kammala tafiyarta." Haka kawai, da hoton raƙumi yana juya baya. Sun daina yin ta.

Wayoyinmu suka ɗauki zafi. A zauren WhatsApp na matan unguwa saƙon murya kan saƙon murya. Wata ta ce don baƙa ce, in ba haka ba me ya hana 'yar Fir'auna kammala tata tafiyar, ita da ta fi kowa daɗewa a hanya? Wata ta ce dabara ce, za su ɓoye ta ta yi tsada su dawo da ita. Wata ta ce mijinta ya ce dama bai taɓa son gumakan nan a gidansa ba, aka ce mata to ta kawo tata a raba. Ni abin da na yi imani da shi, na farko da na biyu duk gaskiya ne. Na je kantin Fadl, wani Bamisire mai sayar da kayan wasa kusa da tasha, na tarar layin Tibra wayam, alhali shekaranjiya cike yake.

Na ce, "Ammu Fadl, ina suka shiga?"

Ya ce, "Khalas, ya Hagga, an saye."

"Cikin kwana biyu? Da azumi a bakinka?"

Ya ce ma'alish, wai in yi haƙuri, ya hau goge gilashin da ba shi da datti. Kwalayen da ke bayan labulensa kuwa ba a ɓoye suke sosai ba.

Sai wata ta turo bidiyo: wai masu tara kayan tarihi na neman Tibra ido rufe, amma ta asali kaɗai, mai hatimin kamfani a tsakanin kafaɗu, don akwai ta jabu da ake sayarwa a kasuwar Ataba. A nan ne iyaye suka tuna cewa Tibrar unguwa kakaf suna ɗaki ɗaya, kuma ɗakin na matar da ba ta da miji ba ta da kowa. Shekara da shekaru ba wadda ta taɓa ƙirga su. Yanzu sai ga tambayoyi: an ga Fadl ya shiga benenmu? Eh, ya shiga, har ƙofata ya ƙwanƙwasa yana neman Tibrar da zai saya, ba ita kaɗai ba. Amma wannan rabin ba wanda ya ɗauka.

Wata la'asar ina tsaka da turara dambu na ji takalma a matakala. Mata ne, Rahina a gaba. Rahina matar Tanimu ce, mai yi wa marasa lafiya tafinta a asibitoci, 'yarsu Mardiya. Na rage wuta na bi su.

Rahina ta ce, "Inna Hassumi, mun zo karɓar 'yan tsana. Bana a bar ɗinkinsu."

Hassumi ta cire allura daga baki. "Ai na yanka, Rahina. Saura haɗawa."

"A bar shi dai."

Na ce, "Ku faɗi abin da ya kawo ku mana. Kunyar me kuke ji, bayan kun hawo bene da azumi?"

Kowace ta nemo ƙyallen gidanta, ta ɗauki tata, ta kifa ta tana duba baya kamar masu zaɓen kaji. Duk da hatimi. Rahina ta kifa tata, ta kai ta bakin taga, ta goge da yatsa.

"Babu," ta ce. "Inna, wannan ba tamu ba ce."

"Ita kika kawo mini."

"Tamu mahaifiyata ce ta saya wa Mardiya da hannunta, zuwanta asibiti na ƙarshe, Allah ya jiƙanta. A babban kanti, ina tsaye. Hajiya ba ta sayen jabu. Ina tamu?"

Na zuba wa Hassumi ido ina jira ta fasa ɗakin da magana, don na san bakinta in ta ga dama. Sai na ga ta kalli 'yar tsanar, ta kalli ƙasa. Wallahi a lokacin ni ma na fara shakkarta, ba zan ɓoye ba. Mutum mai gaskiya ba ya kallon ƙasa haka.

Wata daga baya ta ce, "An ce Fadl ya zo nan."

Hassumi ta miƙe, ta taka kujera, ta sauko da ta saman kabad. Ta hure ƙura, ta kifa ta, ta nuna wa Rahina hatimi.

"Ungo. Ki kai wa Mardiya."

Na ce, "Hassumi, kin haukace? Ta Nana ce."

Ta ce, "Yaya, bari."

Rahina ta karɓa. Ta haɗa da marar hatimin ma, wai shaida. Kafin a sha ruwa labari ya gama unguwa: Hassumi ta sayar wa Fadl, an kama ta, ta biya da tata. Washegari aka fara zuwa karɓar yadin yara ma, wasu an yanka, wasu an yi rabin ɗinki. Matar da Sallah ce kakarta ta shekara, ta zauna da keke ba abin sa masa. Na shiga na same ta tana tsince zare daga tabarma.

Na ce, "Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Kin sayar?"

"Ban sayar ba."

"To me ya rufe miki baki?"

"Ba maganata ba ce."

Na yi fushi na fita. Amma abincin buɗa-baki na ci gaba da kai mata, ina ajiyewa ba na zama.

Ranar Sallah bayan an sauko Idi, muna tsaye a bakin masallaci ana gaisawa, yara da Tibrarsu wasu tsirara, wasu an naɗe su da hankici. Sai ga Mardiya rungume da tata, da riga an manna da fil. Na karɓa kamar zan yi mata wasa, na duba hannun hagu. Ba lalle. Na kifa. Ba hatimi.

Na ce, "'Yar nan, ina wadda Inna Hassumi ta ba ki?"

Ta ce, "Ba tawa ba ce, ban so. Wannan ce tawa. Ita Abba ya sayo mini a Ataba da muka manta ta Hajiya a motar haya, microbus. Ya ce kar in gaya wa Umma, za ta yi kuka."

Rahina na tsaye a gefena, Tanimu na bayanta yana gaisawa da mutane. Na ɗaga murya yadda har masu sayar da balan-balan za su ji.

"Malam Tanimu, barka da Sallah. Yaushe aka manta 'yar tsana a microbus?"

Ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa, ya gyara hula. "Hajiya, ai an daɗe. Tun Mardiya na aji ɗaya."

"Kana ina aka yi wa Hassumi taron dangi?"

"Ina asibiti da baƙi. Na yi niyyar in yi magana bayan Sallah."

"To ga bayan Sallah, bismillah."

Bai yi ba. Ya ce yalla, mu tafi, rana na yi, ya tura iyalinsa gaba. Rahina ta ja hannun Mardiya, fuskarta kamar an watsa mata ruwan zafi.

Da na dawo na faɗa wa Hassumi, sai ta yi tsaki, ba don Tanimu ba, don ni. Ta ce tun shekarar da abin ya faru ta gani, da ta tuɓe 'yar tsanar. Tanimu ne ya hawo har nan ya roƙe ta, ya ce matarsa ba ta gama kukan uwarta ba, kar a ƙara mata. Ta ce masa to.

Na ce, "Wannan 'to' ɗin na shekarun baya ne zai cinye miki suna?"

Ta ce, "Na ce to, Yaya. Bai zo ya ce in fasa ba."

Ku da kuka hawo benen nan, na san kun ji abin da Mardiya ta faɗa, don ina kallon kunnuwanku. Mutum nawa suka dawo suka ba ta haƙuri? Biyu, su ma a waya. Sauran sai suka canza zance: wai ai da ta yi bayani, wai shirunta ne ya jawo. Wasu har yau suna kai ɗinki wurin wani tela a Matariyya da ke yi musu hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, don kunyar haɗa ido da ita. Kamfanin da ya tayar da fitinar kuwa ya fito da sabuwar 'yar tsana, fara, da hular ruwa.

Rahina ba ta dawo da ta Nana ba. Na aika, aka ce tana nema, wai an sa ta cikin kaya. Na sake aikawa, aka ce sun yi ƙaura zuwa Madinat Nasr. Hassumi ta hana ni zuwa, ta ce kyauta ta yi, ba aro ba. Amma har yanzu in ta tashi daga kan keke sai ta ɗaga kai ta kalli saman kabad.

Watan jiya na bi ta gaban kantin Fadl. Tibra ta dawo gilashi, guda ɗaya, a kan ɗan dandamali da fitila a kanta, an rubuta "ta asali, ba a ƙara yin irinta." An juya hannunta na hagu ciki, ya manne da cinya. Na shiga na ce ya fito mini da ita in gani.

Ya ce, "Mabuɗin na gida, ya Hagga."

"Wa ya kawo maka ita?"

"Wallahi mutane da yawa suna kawowa."

Na durƙusa a bakin titi, da girmana, na leƙa ta ƙasan gilashin. Akwai ja a gefen yatsun. Ko lalle ne, ko hasken fitilar ne, ba zan rantse ba. Ni dai na san abin da na gani.

Ranar Juma'a nakan raka Hassumi maƙabarta. Hanyar tasha ta gaban kantin take. Yanzu sai in ce mata ina son sayen lemun tsami, mu zaga ta bayan kasuwa. Ta fara tambayata me nake yi da lemun tsami haka.